Babi na 6: Fili Mai Rigima

A farkon 1992 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Berkeley Software Design, wanda aka fi sani da BSDi, ya fara tallar babbar manhajar kwamfuta a kan dala 995. Babbar manhaja ita ce wadda ke tayar da na'ura ta riƙe ragamarta, ta raba wa sauran manhajoji aiki da wurin ajiya, irin aikin da Windows ko Android ke yi a yau. Abin da ya ja hankalin mutane shi ne kuɗin ya haɗa da rubutun tushe, wato ainihin umarnin da masu rubuta manhajar suka zauna suka tsara, wanda mai saye zai iya karantawa ya gyara yadda ya ga dama. Kamfanin ya riƙa bugun ƙirji cewa farashinsa rangwame ne na kashi 99 cikin ɗari idan aka gwada da na AT&T. Bai tsaya nan ba, sai ya zaɓi lambar wayar da masu saye za su kira: 1-800-ITS-UNIX, lambar da ke shelanta wa duniya cewa hajar nan fa Unix ce. Lauyoyin Unix System Laboratories (USL), reshen AT&T mai riƙe da Unix, suka aiko da takardar gargaɗi. BSDi ya janye lambar, amma hakan bai kashe wutar ba. A watan Afrilun 1992 aka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke New Jersey.

Tushen rigimar ya girme wa Unix ɗin kanta. A 1956 AT&T ya sasanta da gwamnatin Amurka a wata shari'a ta babakere: an bar shi ya ci gaba da mamaye harkar tarho, shi kuma ya yarda ba zai shiga wata sana'a daban ba. Saboda haka da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka ƙirƙiri Unix a ɗakin binciken Bell daga 1969, kamfanin ya tsinci kansa da haja mai daraja wadda ba shi da damar kai ta kasuwa. Jami'o'i suka yi ta roƙo, shi kuma ya riƙa ba su lasisi a kan kuɗi kaɗan, a haɗa musu da rubutun tushe, ba garanti, ba mai zuwa gyara idan ta lalace. Wanda aka ba kaya aka ce masa kowa tasa ta fishe shi, dole ya koyi gyara, dole kuma ya nemi 'yan'uwansa masu irin matsalarsa. Haka al'adar musayar gyare-gyare ta kafu tsakanin masu Unix. Ba wanda ya tsara ta. Doka ce ta ɗaure hannun mai kaya.

Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fi kowa cin moriyar wannan. Unix ta iso can a 1974, Thompson da kansa ya je ya yi musu shekara guda, kuma a 1978 wani ɗalibi, Bill Joy, ya fara tattara gyare-gyarensu yana aika wa sauran jami'o'i a faifan tef da sunan BSD. Daga baya hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka, DARPA, ta zuba musu kuɗi, kuma fitowar 1983 mai lamba 4.2 ta zo da tsarin sadarwar TCP/IP wanda intanet ke tafiya a kai har gobe. Sai dai duk wanda zai karɓi tef ɗin Berkeley sai ya fara nuna lasisinsa na AT&T, domin aikin ɗaliban a cakuɗe yake da na kamfanin, layi cikin layi.

Tun kafin a kai ko'ina AT&T ya fara nuna alamun tsuke baki. A Ostareliya wani malami, John Lions, ya buga rubutun ƙwayar Unix ta shida tare da sharhi, yana koyar da ɗalibansa da shi. Ƙwaya ita ce tsakiyar babbar manhaja, ɓangaren da ke magana da ƙarfen na'ura kai tsaye. Da fitowa ta bakwai ta zo a 1979, lasisinta ya haramta karantar da rubutun a aji. Littafin Lions ya koma yawo a ɓoye, hoto daga hoto, har rubutun ya dusashe. A Amsterdam kuwa Andrew Tanenbaum ya ga ba shi da abin da zai nuna wa ɗalibai, sai ya zauna ya rubuta tasa ƙaramar manhajar daga farko, ya sa mata suna MINIX, ta fito a 1987 tare da littafinsa. A riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi.

Ranar 1 ga Janairun 1984 aka wargaza AT&T, takunkumin 1956 ya faɗi, Unix ta zama haja kamar kowace. Kuɗin lasisin tushe ya haura dubban daloli masu yawa. Kamfanonin da ba abin da suke so sai tsarin sadarwar Berkeley suka fara ƙorafi: don me za mu biya AT&T kuɗin abin da ba shi ya rubuta ba? A 1989 Berkeley ta ware wannan ɓangare ta fitar da shi shi kaɗai da sunan Net/1, ƙarƙashin lasisi mai sauƙi ƙwarai: ka yi duk abin da kake so da shi, ka sayar ma in ka ga dama, amma kada ka goge sunanmu, kada kuma ka kai mu ƙara in ya ba ka matsala.

Nan ne wani ma'aikacin Berkeley, Keith Bostic, ya kawo shawarar da abokan aikinsa suka ɗauka mafarki ne: a tsame duk wani layi na AT&T daga BSD baki ɗaya. Yadda ya bi da abin ya cancanci a tsaya a kai. Ya riƙa tashi a tarukan masu Unix yana neman 'yan sa-kai. Kowa ya ɗauki ƙaramar manhaja guda, ya karanta bayanin abin da take yi a littafin jagora kawai, ba tare da leƙa rubutun AT&T ba, ya rubuta sabuwa mai aiki iri ɗaya. Ladansa shi ne a sa sunansa a jerin masu aikin. Cikin kamar shekara ɗaya da rabi ɗaruruwan manhajoji suka taru. Sai Kirk McKusick da Mike Karels da shi Bostic ɗin suka bi ƙwayar fayil bayan fayil suna tankaɗe ta. Da suka gama, fayil 6 ne kawai suka rage waɗanda ba su samu sake rubutawa ba. Suka fitar da sauran a Yunin 1991 da sunan Net/2. Bill Jolitz da matarsa Lynne suka cike giɓin, suka saki 386BSD a 1992 don kwamfutocin gida masu Intel 386. BSDi ma ya cike nasa ya shiga kasuwa da lambar wayar nan.

Da'awar USL ta wuce batun kwafe. Sun ce ko da an sake rubutu, waɗanda suka rubuta sun shekara da shekaru suna karatun Unix, don haka sirrin kasuwancin kamfanin na cikin kawunansu, ya kuma zubo cikin abin da suka rubuta. Da BSDi ya ce shi kayan jami'a ya ɗauka, sai USL ya faɗaɗa ƙarar ya haɗa da hukumar gudanarwar jami'ar. A 1993 alƙali Dickinson Debevoise ya ƙi ba da umarnin dakatar da sayarwa. Abin da ya fi tayar wa USL hankali shi ne dalilinsa: ya nuna shakka ko AT&T na da ingantaccen haƙƙin mallaka a kan tsohuwar fitowar Unix mai suna 32V, tunda ya raba ta ga jama'a da yawa ba tare da rubuta sanarwar mallaka a kai ba, abin da dokar wancan lokacin ta wajabta. Jami'ar ta ga ƙofa, ta shigar da tata ƙarar a kotun jihar Kalifoniya, cewa System V, hajar da USL ke sayarwa, cike take da aikin Berkeley wanda aka cire wa suna. Sharaɗin jami'ar ɗaya tak, a ambace ta, shi ne aka karya. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Ana cikin haka kamfanin Novell ya sayi USL, shugabansa Ray Noorda kuma ya nuna shi kasuwa yake so ba kotu ba. A farkon 1994 aka sasanta. Cikin fayil kusan 18,000, an cire 3, an ƙara sanarwar mallakar USL a kan kamar 70 tare da barin a ci gaba da raba su kyauta. Cikakken rubutun yarjejeniyar ya zauna a asirce har 2004.

Idan aka duba takarda, Berkeley ce ta yi nasara. Amma duk wanda ya taɓa neman fili ya san abin da kalmar "yana kotu" ke yi. Ba ruwan mai saye da wanda ke da gaskiya. Yana jin maganar zai juya ya nemi wani, ko da bai kai wancan kyau ba, domin ba mai zuba bulo inda gobe za a iya cewa ya rushe. Kusan shekara biyu BSD ta yi a wannan hali, kuma ba shekaru ne na banza ba. Su ne daidai lokacin da kwamfutar 386 ta yi arha, intanet ta fara fita daga jami'o'i, dubban matasa ke neman Unix da za su ɗora a na'urar ɗakinsu. Ko bayan sasantawar, ayyukan FreeBSD da NetBSD, waɗanda suka tsiro a 1993, sai da suka watsar da tushen Net/2 suka sake gini a kan tsabtatacciyar fitowa mai suna 4.4BSD-Lite. FreeBSD ba ta miƙe ba sai ƙarshen 1994.

A Helsinki kuwa wani ɗalibi ɗan shekara 21, Linus Torvalds, ya sayi 386 a farkon 1991 ya ɗora MINIX. MINIX ta koyarwa ce, kuma kamfanin ɗab'in Prentice Hall ne ke sayar da ita, don haka wanda ya inganta ta ba shi da izinin raba ingantacciyar. Sai dai ya raba facin, kowa ya liƙa wa tasa da kansa. Torvalds ya fara rubuta ƙwayar kansa, wadda ta zama Linux, ya sanar a Agustan 1991. Ba layin AT&T ko ɗaya a ciki, domin bai taɓa samun rubutun AT&T ba balle ya kwafa. Talaucinsa ya zame masa kariya. Shi da bakinsa ya faɗa a wata hira a 1993 cewa da 386BSD na nan lokacin da ya fara, da wataƙila Linux ba ta samu ba.

Akwai abin da ba a cika ambata ba: lasisin farko na Linux ya fi na kowa tsauri. Torvalds ya hana karɓar ko sisi a kanta, har kuɗin faifan da aka kwafa a kai. Masu son kai ta taruka su mayar da kuɗin faifansu suka yi ta damunsa, sai a farkon 1992 ya koma lasisin GPL. Da bai yi haka ba, da masu sayar da ita irin su Slackware da SUSE da Red Hat ba su samu hanyar kasuwa ba, da kuma Linux ta tsaya abin wasan ɗalibai.

Shi ma GPL rigima ce ta haife shi. Richard Stallman ya sanar da shirin GNU a 1983, da burin gina cikakkiyar manhaja irin Unix wadda kowa ke da 'yancin karantawa da gyarawa da rabawa. A manhajarsa ta rubutu, Emacs, ya yi amfani da wani ɓangare na aikin James Gosling, wanda ke yawo hannu da hannu. Gosling ya sayar wa kamfanin UniPress haƙƙinsa, kamfanin ya ce a daina rabawa, Stallman ya cire ɓangaren ya sake rubutawa. Ya fahimci cewa alherin mai kaya ba abin dogaro ba ne, sai an rubuta. Dabararsa ita ce ya yi amfani da dokar haƙƙin mallaka ita kanta: ni ne mai wannan aiki, na ba ka izinin gyarawa da sayarwa, da sharaɗin duk wanda ka miƙa wa, ka haɗa masa da rubutun tushe da irin izinin da na ba ka. GPL na farko ya fito a 1989, na biyu a Yunin 1991. A lokacin GNU na da kusan komai ban da ƙwaya. Tasu, Hurd, ta yi jinkiri, kuma cikin dalilan akwai shekarun da aka ɓata ana jiran jami'ar Carnegie Mellon ta saki ƙwayar Mach daga ƙaidin lasisin AT&T. Ƙwayar Torvalds ta faɗa cikin gurbin da aka daɗe da share mata.

Ba na cikin masu ɗora wa shari'ar komai. Jolitz ya yi nawa wajen karɓar gyare-gyaren jama'a, mutanen BSD suka rarrabu gida biyu sannan uku da fitowar OpenBSD, alhali Torvalds na karɓar faci daga duk wanda ya aiko mai kyau yana fitar da sabuwa kusan kowane mako. Waɗannan ba laifin lauya ba ne. Sai dai lasisin ma ya yi aikinsa ta wata fuska. Kamfanoni sun daɗe suna ɗibar BSD su rufe: Sun ya gina SunOS a kai, DEC ya gina Ultrix, kowa ya ja nasa gefe har Unix ta tarwatse gida-gida marasa jituwa. GPL ya toshe wannan hanya. IBM na iya zuba aikin injiniyoyinsa cikin Linux da sanin cewa HP ko Intel ba za su ɗauka su ƙara nasu su kulle ba. Abokan gaba sun samu wurin da za su yi aiki tare ba tare da sun yarda da juna ba, kuma a ganina wannan ya fi duk wani wa'azin 'yanci tasiri. A ƙarshen 2000 IBM ya sanar zai kashe dala biliyan 1 a kan Linux.

BSD ba ta mutu ba, ta dai shige cikin kayan wasu. Akwai ta a cikin macOS da iPhone, akwai ta a PlayStation 4, Netflix na tura finafinansa da FreeBSD. Wayar Tecno ko Itel da ke aljihun mai karatu tana tafiya a kan ƙwayar Linux, amma Google ya kauce wa GPL a saman ƙwayar, ya gina muhimmin ɓangare na Android da rubutun da ya samo daga BSD, don kada masu ƙera waya su tsorata. MINIX ma ta koma lasisin BSD a 2000, kuma sai a 2017 Tanenbaum ya ji a kafafen labarai cewa Intel ya dasa ta cikin ɗimbin na'urorinsa. Lasisin bai wajabta a gaya masa ba. Wasu za su ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutanen BSD kuwa cewa suke yi abin da suka nufa ke nan tun farko.

Linux ma ranarta ta zo. A Maris ɗin 2003 kamfanin SCO Group na jihar Utah, ƙarƙashin Darl McBride, ya kai IBM ƙara yana neman dala biliyan 1, daga baya ya ɗaga zuwa 5, bisa zargin cewa IBM ya kwashi sirrin Unix ya zuba a Linux. Tarihin mai ƙarar abin mamaki ne. Sunansa na da Caldera, mai sayar da Linux ne a ƙarƙashin GPL, kuma da kuɗin Ray Noorda aka kafa shi, mutumin da ya kashe wutar 1994. Ya sayi harkar Unix a 2001 daga Santa Cruz Operation, wanda shi kuma ya saya daga Novell a 1995. SCO ya aika wa manyan kamfanoni 1,500 wasiƙar gargaɗi, ya sa farashin dala 699 a kan kowace ƙaramar saba mai Linux, sannan a 2004 ya maka AutoZone da DaimlerChrysler a kotu don su zama izina. Dabarar dai ita ce ta da: a jefa shakka, a bar tsoro ya yi sauran aikin.

Wannan karon ba ta ci ba, domin jama'ar da aka taɓa suna da yawa kuma suna da intanet. A Agustan 2003, a wani taro a Las Vegas, SCO ya haska misalan rubutun da ya ce an sace, ya ɓadda wani sashe ta hanyar juya haruffan zuwa na Girkanci. Wani ɗan jarida daga Jamus ya ɗauki hoton allon. Cikin kwana ɗaya ko biyu masana suka mayar da haruffan suka bi salsalar kowane layi. Misali ɗaya tsohon rubutun Unix ne na shekarun 1970, wanda Caldera da kansa ya saki ga kowa a 2002, kuma an riga an cire shi daga sabuwar Linux. Ɗayan asalinsa Berkeley ne, ba na SCO ba. Wata ma'aikaciyar ofishin lauyoyi, Pamela Jones, ta buɗe shafin Groklaw inda 'yan sa-kai ke baje kowace takardar kotu suna tsefe ta; ta nan ne ma yarjejeniyar sirrin 1994 ta fito fili.

Sai Novell ya tashi ya ce, ai mu ba mu taɓa sayar da haƙƙin mallakar Unix ba, harkar kasuwancin kawai muka sayar. Takardar cinikin 1995 kuwa ta lissafa haƙƙin mallaka cikin abubuwan da aka keɓe, ko da yake wani gyara na 1996 ya dagula ma'anar. A Agustan 2007 alƙali Dale Kimball ya ba Novell gaskiya, wata guda bayan haka SCO ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a sake sauraro a gaban masu taya alƙali hukunci, su ma a Maris ɗin 2010 suka ce na Novell ne. Shekara bakwai ana razana duniya da kayan da mai ƙarar bai mallaka ba. Shari'a saɓanin hankali.

Rigimar ta bar tabo a yadda ake aikin kansa. Tun 2004 duk wanda zai aika gyara cikin ƙwayar Linux sai ya rattaba sunansa da adireshinsa na imel a ƙasan gyaran, yana shaida cewa shi ya rubuta ko yana da izinin bayarwa, kuma duk wanda gyaran ya bi ta hannunsa zuwa sama sai ya ƙara nasa. Kowane layi yana da jerin waɗanda za a tambaya. A shekarar ce kuma aka gwada ƙarfin GPL a gaban alƙali: Harald Welte, ɗaya daga masu rubuta Linux, ya samu umarnin wata kotu a Munich a kan kamfanin Sitecom, wanda ya sa aikinsu a na'urorinsa ya ƙi sakin tushe. Kafin nan matsin lamba ya sa Linksys ya saki tushen na'urarsa ta raba intanet, WRT54G, kuma daga abin da ya saki aka gina manhajar OpenWrt.

Ƙarar SCO da IBM kuwa ta ƙi mutuwa. Ta yi ta jan ƙafa a hannun mai kula da gadon kamfanin da ya karye har 2021, shekara 18 da farawa, inda IBM ya biya dala miliyan 14.25 aka rufe fayil ɗin. A Maris ɗin 2021, tun kafin a kammala wancan sulhu, Xinuos, kamfanin da ya sayi ragowar harkar SCO, ya shigar da sabuwar ƙara a kan IBM da Red Hat.